Fanken Alkama Da Ots: Daga Tsaba Zuwa Kasko

A cikin tsofaffin littattafan girki da ke ɗakin karatunmu akwai wani abincin safe da ɗalibai kan tsaya su dubi hotonsa, su haɗiye miyau, sa'an nan su buɗe gaba. Turawa suna kiransa pankek. Ana yin sa da garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba, da wani hatsi mai suna ots, da madara mai tsami, da ƙwai. In ka tambayi ɗalibi me ya hana shi gwadawa a gida, sai ya ce ai wannan abincin masu kuɗi ne, kayansa sai an je babban kanti a Sakkwato ko Kano.

To, a wannan shafi muna so mu nuna cewa ba haka abin yake ba. In ban da ots, babu wani abu a cikin wannan abinci da mutumin Isa ko na Sabon Birni bai san shi tun kaka da kakanni ba. Ots ɗin ma akwai abin da zai tsaya a madadinsa a cikin rumbu. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san aikin da kowane abu yake yi a cikin ƙullun. Wanda ya san wannan, ko babu littafi a gabansa zai yi fanke mai kyau.

Fanke iri biyu

Kalmar fanke, wadda Gobirawa ke cewa hwanke, daga wannan kalma ta Turanci aka aro ta. Amma da sunan ya zauna a ƙasar Hausa sai ya hau kan wani abu dabam. Fanken da 'yan mata ke tallarsa a tasha dunƙulalle ne, na farar fulawa da yis da sukari, ana tsoma shi cikin mai har ya nutse. Wanda muke magana a kansa shimfiɗaɗɗe ne kamar sinasir, ana toya shi a kasko da ɗan mai kaɗan, kuma ba a jiran ƙullunsa ya kwana ya tashi kamar na masa. A Ingila akwai ranar da aka keɓe masa, wato Talatar da ke kafin Larabar Toka. A dā, a ranar ne ake cinye ƙwai da madara da man shanun da suka rage a gida kafin a shiga azumin kwana 40 na gabanin Ista. Ashe ke nan ko a can ma abincin tattali ne, na kada a bar kome ya lalace.

Alkama ba baƙuwa ba ce

Sunan alkama daga Larabci ya zo, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta a ƙasar Hausa. Da ita iyayenmu ke yin alkaki da finkaso da alkubus da taliyar hannu, tun kafin a san buhun fulawa. Ba ta son zafi, don haka ba a shuka ta da damina. Sai hunturu ya kama, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a shuka ta a fadama a riƙa ba ta ruwa, a girbe wajen watan Maris kafin bazara ta yi tsanani. A dā da jigo ake ban ruwan, yanzu kuwa da injin famfo.

Gulbin Bunsuru na wajen Isa da Gulbin Gagare su ne ke haɗuwa su zama Gulbin Rima, wanda ya bi ta ƙasar Sabon Birni ya gangara Goronyo da Wurno. A fadamun wannan kwari, musamman ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka gama ginawa a 1984, ana noman alkama da rani. Haka kuma a Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka gama madatsa a 1978, da Kadawa ta jihar Kano.

Duk da haka, yawancin alkamar da ake ci a Nijeriya da jirgin ruwa take zuwa. Babban injin fulawa na Apapa a Legas ya fara aiki a 1962, daga nan burodi ya bazu har ƙauyuka. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama don a ƙarfafa noman ta gida, amma abin da aka noma bai isa ba, aka ɗage dokar a 1992. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, sai kuɗin fulawa ya tashi har mai shayi na bakin tasha ya ji a jikinsa. A gabashin Sakkwato kuma ga wata wahalar. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga garuruwansu, waɗansu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi a Nijar, gonaki da fadamu da yawa suka kwana ba a noma ba. Ɗalibanmu da suka fito daga wannan yanki ba sai an ba su labari ba. A irin wannan hali, wanda ya sami mudun alkama bai kamata ya zubar da mafi amfanin abin da ke cikinta ba.

Me ke cikin ƙwayar alkama?

In ka fasa ƙwaya guda za ka sami kashi 3. Akwai bawo mai ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne ke zama dusa, kusan kashi 14 cikin 100 na nauyin ƙwayar. Akwai farin ciki, wanda shi ne mafi yawa, kusan kashi 83 cikin 100, yawancinsa sitaci. Sai ɗan idon da ke tsira in an shuka, wanda bai wuce kashi 3 cikin 100 ba.

A kamfani, farin cikin nan kaɗai ake tacewa a zuba a buhu. Shi ne farar fulawa. Dusa da ido kuwa akan sayar wa masu kiwon kaji da dabbobi. Amma a cikinsu ne mafi yawan harzar da ke gyara ciki take, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin B, da ɗan mai mai ɗauke da bitamin E. Dalilin cire su shi ne farar fulawa ta fi daɗewa a ajiye, kuma burodinta ya fi laushi. Shi ya sa ma hukuma ta wajabta wa kamfanoni su riƙa ƙara waɗansu sinadarai a fulawa, don a mayar da kaɗan daga abin da aka rasa. Garin da kakanninmu ke niƙawa a dutse bai bukaci a mayar masa da kome ba, gama ba a cire masa kome ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ots da ɗan'uwansa gero

Ots hatsin ƙasashen sanyi ne. Rasha da Kanada su ne kan gaba wajen noma shi, mutanen Sukotlan kuma sun yi suna da shan kununsa. A zafin ƙasarmu ba ya yi. Wanda muke gani a gwangwanin Quaker Oats an riga an cire masa ƙaiƙayi, an turara shi, an bi ta kansa da naɗin ƙarfe ya baje, shi ya sa yake saurin dahuwa. Yana da wata irin harza mai narkewa, ita ce ke sa kununsa yauƙi, kuma tana taimakawa wajen rage kitsen cikin jini. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa rubuta hakan a jikin kwalinsa.

A cikin fanke aikin ots biyu ne. Yana shan ruwa ya riƙe, don kada fanken ya bushe, yana kuma ba baki abin taunawa. Tsakin gero yana iya yin wannan aiki. Gero shi ne abincin Gobir, har ma a can in an ce hatsi, shi ake nufi. Yana da sinadarin ƙarfe, kuma yana riƙe ciki, kamar yadda duk wanda ya sha fura ya tafi gona ya sani. Bambancin kawai shi ne gero ɗanye ne, ba a turara shi ba, don haka sai an fara laushe shi da ruwan zafi.

Shirya gari

In za ku sayi alkama, ku ɗebi kaɗan a tafin hannu ku duba. Ta zama cikakkiya, busasshiya, ba huji, ba warin ruma. Ku guji wadda aka rina ja ko kore. Wannan iri ne na shuka, an sa masa maganin ƙwari, ba na ci ba ne ko an wanke.

A bakace ta a faifai, a tsince tsakuwa, a wanke, a shanya a kan tabarma mai tsabta har ta bushe ƙayau. In ka ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, ta bushe. Kada a surfa ta. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, gama hannu ya saba da surfe, surfe kuwa shi ne cire dusar da muke nema. A kai inji a ce wa mai niƙa ya yi laushi, in ya yiwu ya mayar sau biyu. Yana da kyau a fara zuba ɗan kaɗan a kwashe dabam, don kada garinku ya ɗauko yajin wanda aka niƙa wa kafin ku. In an dawo gida a baza garin ya sha iska ya huce. In an tankaɗe don a raba gudaji, a mayar da dusar da ta rage a rariya.

Kada a niƙa da yawa. Man da ke cikin idon alkama yakan lalace in ya sha iska da zafi, garin ya yi ɗaci. A niƙa na mako ɗaya ko biyu, sauran a bar shi tsaba, gama tsaba takan yi watanni lafiya lau.

Gero kuwa a yi masa ɗan surfe sama-sama, a wanke, a shanya, a ɓarza shi ƙanana.

Kayan haɗi

Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda babu gidan da ba a samunsa. Wannan haɗi zai ba da fanke kamar 16 masu faɗin tafin hannu.

Garin alkama, gwangwani 3
Ots, gwangwani 2, ko tsakin gero, gwangwani 1
Nono mai tsami, gwangwani 4
Ƙwan kaza 2, ko na zabi 3
Man gyaɗa ko narkakken man shanu, babban cokali 3
Sukari, babban cokali 2
Gishiri, rabin cokalin shayi
Dakakkiyar kanwa, cokalin shayi 1
Bekin hoda, cokalin shayi 2, in akwai

Abin da ke sa shi tashi

Kafin mu kunna wuta, ga gwajin da kowane ɗalibi zai iya yi. Zuba nono a kofin gilashi, ka ɗiga ruwan kanwa a ciki, ka motsa, ka kai kunne. Za ka ji ɗan ƙara, ka ga ƙananan kumfa. Nono yana da tsami, wanda ƙananan halittun da ke cikinsa suka samar daga zaƙin madara. Kanwa kuwa kishiyar tsami ce, 'yar'uwar sodar da Turawa ke sawa a nasu ƙullun. In suka haɗu sai su saki iskar kabon dayoksaid, ita ce dai iskar da ke tashi in an buɗe lemon kwalba. Bekin hoda ma ba wani abu ba ne illa soda da busasshen tsami da aka haɗa wuri ɗaya, suna jiran ruwa da zafi.

To, me zai riƙe wannan iska kada ta gudu? Alkama tana da wani danƙo wanda gero da dawa ba su da shi. Shi ne ke sa kwaɓin taliya ya miƙe bai tsinke ba. Danƙon nan da ƙwai su ne ke kama iskar a cikin ƙananan ramuka, zafin kasko kuma ya ƙafar da su. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba ma barin gero ya rinjayi alkama a cikin haɗin. In ya yi yawa fanken zai farfashe wajen juyawa.

Kanwa tana son hankali. A jiƙa ta da ruwa babban cokali 3, a bari ƙasar ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama. In ta yi yawa, fanken zai yi duhu, ya yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana kashe bitamin B ɗin da muka sha wahalar tsarewa. Mai hawan jini ma ya yi hattara da ita kamar yadda yake yi da gishiri.

Kwaɓi

Da farko a jiƙa ots a cikin nonon na minti 20. In tsakin gero ne, a zuba masa tafasasshen ruwa gwangwani 1, a rufe har ya huce, sa'an nan a zuba nono gwangwani 3 maimakon 4. Mai son ya fi laushi sai ya yi wannan da dare ya bar shi ya kwana a rufe.

Na biyu, a fasa ƙwai a wani kwano dabam, ɗaya bayan ɗaya, don kada ruɓaɓɓe guda ya ɓata ƙullu duka. A kaɗa, a zuba a cikin jiƙon nan tare da mai da sukari.

Na uku, a wata ƙwarya a gauraya gari da gishiri da bekin hoda tun suna bushe.

Na huɗu, a zuba ruwan kanwa a cikin jiƙon, nan take a juye shi a kan garin, a juya da muciya a hankali. Da zarar ba a ganin busasshen gari, a tsaya. Ƙananan gudaji ba laifi ba ne.

A nan ne muka sha kunya ran da muka fara gwadawa. Mun saba da finkaso, wanda ake buga ƙullunsa har hannu ya gaji, sai muka yi wa wannan irin bugun. Abin da ya fito daga kasko ya yi tauri kamar fatar takalmi, yara suka riƙa ja da haƙori suna duban juna. Finkaso yis ne ko tsamin kwana ke tayar da shi a hankali, don haka yana son danƙo mai ƙarfi. Wannan kuwa iskarsa nan take take fita. In ka buga, ka kore ta, ka kuma tayar da danƙon ya yi yawa.

A bar ƙullun ya huta minti 10, don dusa ta sha ruwa ta yi laushi. Kaurinsa ya zama kamar na kunu mai kauri, yana zuba daga ludayi a hankali. In ya cika ƙarfi a ƙara nono kaɗan. Kada a bar shi ya wuce rabin awa ba a toya ba.

Tuya

Kasko mai kaurin gindi ya fi, irin na sinasir. Wuta kuma ta zama matsakaiciya. Garwashi ya fi harshen wutar kara, gama kara yakan tashi fuu ya mutu. Don a gane zafi ya yi, a yayyafa ruwa kaɗan. In ɗigon ya yi rawa kafin ya ƙafe, kasko ya shirya. 

A shafa mai da ɗan tsumma mai tsabta. A zuba ƙullu ludayi guda, a bar shi ya baje da kansa. Bayan kamar minti 2 za a ga ƙananan idanu suna fitowa a sama suna fashewa, gefe kuma ya fara bushewa. Lokacin juyawa ke nan. A juya sau ɗaya tak, a ba shi minti 1 ko 2, a kwashe. Kada a danna shi da cokali, gama danna shi fitar da iskar ne.

Jan da yake yi da ƙamshin da ke tashi suna zuwa ne daga haɗuwar zaƙi da sinadarin gina jiki a kan zafi. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan a 1912. Shi ne kuma ke ba tsire da soyayyar gyaɗa ƙamshinsu.

In ya ƙone a waje ciki ɗanye, wuta ta yi yawa. In ya fito fari fat ya bushe, wuta ta yi kaɗan. In bai tashi ba, ko nonon bai yi tsami ba, ko bekin hodar ta sha iska, ko ƙullun ya daɗe. Na farko a kasko sau da yawa ba ya kyau, kada wannan ya karya muku gwiwa. Mai tuya ne ke cinye shi.

Yadda ake ci

Da zafinsa ya fi daɗi. A ɗiga masa zuma ko man shanu, ko a shafa tunkuza da aka dama da ɗan sukari, a sha da shayi ko kunun gyaɗa. In an cire sukari aka yanka albasa da attaruhu a cikin ƙullun, sai a ci da miyar taushe kamar masa. Wanda ya rage a rufe shi a kwano, a ɗumama a busasshen kasko, amma da bazara kada a bar shi ya wuce yini guda.

Ku dubi abin da ke cikin fanke biyu da yaro zai ci kafin ya tafi makaranta. Akwai hatsi iri biyu da dusarsu, akwai nono, akwai ƙwai, mai kuwa ɗan kaɗan. Irin wannan karin kumallo yakan kai yaro har tashi daga aji bai fara hamma ba, abin da fanken tasha da ruwan shayi ba su cika yi ba. Man da za a soya fanken tasha sau ɗaya kuwa zai yi wannan tuya sau da yawa.

Saboda haka, ɗalibai, maza da mata, ga aikin hutu wanda ba za a ba da maki a kansa ba. Ku sayi alkama mudu guda, ku roƙi gero gwangwani guda a gida, ku tari mai nono da safe. Ku nemi izinin uwar gida kafin ku taɓa mata kasko, ku kuma tambaye ta yadda take gane kanwa ta isa a tuwo, gama hannunta ya riga littafi sanin wannan ma'auni. In na farko ya yi tauri, ku koma ku duba inda aka yi kuskure, ku sake. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In Allah ya dawo da mu lafiya, muna jiran labarin yadda ta kaya.